Kwamfutar Ɗakin Zane: Abin Da Za Mu Saya Da Abin Da Za Mu Bari

Jawabin da wakilin kwamitin ayyuka ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara

 

Kwamitin ayyuka ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan kwamfutar da ƙungiya ta ajiye a ɗakin zane. Malamin zane ya kawo kukan cewa ta gaza. In yara suka zana gida a manhajar Blender suka ce ta fitar musu da cikakken hotonsa, da haske da inuwa da launin fenti, wato abin da masu sana'ar ke kira rendarin, sai a tashi daga makaranta ba ta gama ba. Wasu daga cikinmu sun ce a sayo sabuwa fil. Ra'ayina shi ne a gyara wadda muke da ita, kuma a zaɓi kayan gyaran gwargwadon wutar da muke samu da zafin ƙasarmu. Kuɗin nan karo-karo ne, har da na waɗanda suka sayar da buhun gero suka kawo, don haka ya kamata kowa ya ji dalili.

Da farko mu raba aiki biyu. Koyon buga rubutu da shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, ba sa bukatar komai daga abin da zan lissafa. Tsofaffin na'urorin da ke ɗakin kwamfuta sun wadatar. Maganarmu a kan na'ura guda ce tak, ta zane da haɗa bidiyo. Yaron da ya iya wannan aiki zai iya nuna wa mai gini a Ɗambatta ko Bichi siffar gidansa tun ba a haƙa harsashi ba, ko ya haɗa bidiyon biki a biya shi, ba sai ya tare a Kano ba.

Na ji ƙorafin da wasu malamanmu suka yi cewa yara za su mayar da ita ta wasan ƙwallo. Gaskiya ne, kayan da ke saurin rendarin su ne ke tafiyar da wasa sumul, ba yadda za a raba su. Lokacin wasa kuwa doka ce ta shugaban makaranta, kuma mu shaida ne cewa makarantar nan ba ta taɓa rasa mai riƙe bulala ba.

To, mun buɗe na'urar mun duba. Babban allon da kome ke hawa kansa, wato modabod, irin na AMD ne mai gurbin AM4. Wannan sa'a ce. An fito da gurbin nan a 2016, kamfanin kuma ya ci gaba da yi masa furosesa shekara da shekaru. Saboda haka za mu iya cire ƙaramin furosesan da ke ciki mu sa Ryzen 7 5700X na 2022, mai ƙwaƙwalwa 8, wanda aka ƙiyasta cin wutarsa a wat 65, ba tare da mun taɓa allon ba. In muka ce sai sabon gurbin AM5, to dole a sayi sabon allo da sabon ram irin DDR5, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025. Sharaɗi ɗaya ne: kafin a sa sabon furosesa sai an sabunta manhajar da ke cikin allon kansa, wadda ake kira BIOS, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki allon na iya mutuwa. A kan batir za a yi shi.

Ram ɗin da ke ciki gig 8 ne. A mai da shi 32, sanda biyu iri ɗaya masu 16 kowace, domin tare suke ja kamar shanun huɗa. Tsohon faifan ajiya mai juyawa a bar shi don tara ayyukan da aka gama, a sayo SSD a ɗora manhajoji a kansa.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato katin hoto, kuma a nan ne na fi so 'yan'uwa su saurare ni. Duk wanda ya shiga kasuwar Beirut Road a Kano ya ce yana son na rendarin, babba za a fara nuna masa. Babban cikinsu a zamaninsa, RTX 4090, shi kaɗai yana jan wat 450. RTX 3060 na 2021 yana jan 170, RTX 4060 na 2023 kuwa 115. Mu yi lissafi irin wanda malamin lissafi ya koya mana, ga shi nan zaune. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, kuma in ana so ya daɗe ba a shan fiye da rabinsa, saura 1,200. Na'ura mai RTX 4060, da furosesa da allon kallo da kome, ba za ta wuce wat 300 ba, wato kusan awa huɗu ke nan. Mai babban kati, da babban furosesan da zai dace da shi, tana iya kai wa 700, ko awa biyu ba za ta yi ba. Rendarin kuwa in wuta ta yanke shi, hoton da ake kai ya tafi, sai a sake. Katin da ya fi sauri a Jamus bai fi sauri a nan ba in zai kwana a kashe.

Akwai masu cewa 3060 ya fi, domin ma'ajiyarsa gig 12 ce, ta 4060 kuwa 8. Suna da hujja, domin zanen da ya fi ƙarfin ma'ajiyar kati yakan tsaya ko ya koma tafiyar hawainiya. Amma yaranmu gida mai ɗaki huɗu da zaure suke zanawa, gig 8 ta ishe su. Ni 4060 na zaɓa. Na tsaya a kan Nvidia ne domin Blender ta fi sauri da katunansu a irin wannan farashi.

Hattara da na hannu. Da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya, an goge su sun yi fes. In har za a sayi na hannu, a sa shi aiki mai nauyi a gaban mai shago na awa guda ana duba zafinsa. Haka kuma kada wani ya yi mana kyautar ƙaramar kwamfutar ofis 'yar Kwatano da niyyar a sa mata katin. Akwatinta siriri ne, wutarta kaɗan ce, katin ba zai shiga ba.

Abin da aka fi rainawa shi ne akwatin da ke raba wa na'ura wuta. Na banza in ya ƙone yakan tafi da allo da kati gaba ɗaya. A sayi mai wat 550 na sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus, a haɗa da sitabilaiza da UPS. Ku ɗaga shi a hannu ma. Na jabu shafal yake kamar gwangwanin da ba kowa ciki.

Saura zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin nan yakan haura digiri 40, na'ura kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Da hunturu ƙura ke toshe fankokinta, ga kuma ƙaiƙayi lokacin sussuka, tunda gonaki sun kewaye mu har bakin katanga. A ɗauke ta daga ƙasa a ɗora bisa tebur, a ƙara fanka biyu a gaba da raga mai tace ƙura, a riƙa hure ta duk wata, a rufe ta da ƙyalle in an kashe. Fitilun ado masu ja da kore ko kwabo kada a kashe musu.

Ban kawo farashi ba, domin tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 kuɗin kayan nan dala yake bi, na yau daban na gobe daban. Abin da nake roƙo taro ya amince da shi shi ne a naɗa mutum uku, har da malamin zane, su karɓo farashi a rubuce daga shago uku kamar yadda muke yi a ofis, a sayi kayan rana ɗaya, a rubuta lambar kowane a jikin rasit, a haɗa a kunna a gabansu. In kuɗi bai kai ba, a fara da akwatin wuta da SSD da ram, kati ya biyo baya, furosesa ya jira karo-karon baɗi.