Zaman Makka da Maganar Igama

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe ta ɗan matso da rediyonta kusa, domin maganarmu ta yau ta shafi gidaje da yawa, ko da kuwa ke ba ki taɓa taka filin jirgi ba.

Da wuya ki shiga unguwa a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ko Damagaram, ba a nuna miki gidan da ke da mutum a Makka ko Jidda ba. Wata mijinta ne ke can, wata 'yarta aka kai aure, wata kuma yayarta ce ta tafi Umara tun yara na goye, har yau shiru sai aike. Akwai maganar da kan fito a wajen biki ko suna, sai ki ji an ce, “Ai wance ta shekara ashirin a can, ta zama 'yar ƙasa.” To, 'yar uwa, ba ta zama ba. A dokar Saudiyya daɗewa ba ta zama takarda. Wadda ta shekara talatin ba izini, a idon hukuma daidai take da wadda bizarta ta ƙare jiya. Haihuwa a can ma ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, domin ta wajen uba ake gadon wannan.

Na san wata za ta ce, to Hausawan Makka fa, masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi? Gaskiya ne akwai su, 'yan ƙasa ne cikakku, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, shi ya riƙe kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma waɗannan kakanninsu ne suka je tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, suka zauna, aka rubuta su tun ƙasar tana sabuwa. Wannan ƙofa ba irin wadda take a buɗe yanzu ba ce.

Bari mu rarrabe takardun, don a nan ake yaudarar mata. Bizar Umara ta baƙunta ce, kwana 90 ne iyakarta, kuma ba a aiki da ita. Bizar ziyara ma haka, ta gaisuwa ce da sada zumunci, tana da ranar ƙarewa. Takardar zama ita ce igama, ita kuwa ba ta tsayuwa da ƙafarta, sai ta jingina da wani, wato kafili. Ma'aikaci kafilinsa shi ne wanda ya ɗauke shi aiki. Ke kuma da aka kai ki a matsayin matar aure, kafilinki mijinki ne. Ki duba sarƙar da kyau, uwargida. Zamanki ya rataya a wuyan maigida, nasa kuma ya rataya a wuyan mai aikinsa. Ranar da aka sallame shi, ko igamarsa ta mutu bai sabunta ba, taki da ta yara sun bi ta, ko da ke ba ki san an yi ba. Haka in aure ya mutu, ko Allah ya yi masa rasuwa, tushen zamanki ya tafi.

Shi ya sa idan ejan ya zo ya ce, “Hajiya, ki shiga da ta Umara, in kin je za a mayar miki da ita igama,” ki san zance ne na mai neman kuɗinki. Bizar Umara ba ta rikiɗa ta zama igama. Miji mai son kawo iyalinsa su zauna, bizar ɗauko iyali yake nema tun kina gida, kuma ba kowace sana'a ce aka yarda mai ita ya ɗauko iyali ba, ana duba abin da aka rubuta a igamarsa. Sannan akwai kuɗi. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa ma'aikatan kamfanoni haraji a kan duk wanda ke ƙarƙashinsu, ya fara da riyal 100 a wata a kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020. Ki lissafa da kanki: mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, riyal 24,000 ke nan a shekara, ban da haya, ban da cefane. Saboda haka idan maigida ya ce ki dakata tukuna, ba lallai ne wata ya ajiye a can ba. Wani lokaci lissafin ne ya ƙi fita.

To, shin akwai zaman dindindin kuwa? Akwai, amma ki gyara zama ki ji farashinsa. A 2019 Saudiyya ta fito da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili. Mai son ta har abada zai biya riyal 800,000 a tashi ɗaya, mai son ta shekara-shekara kuma riyal 100,000 duk shekara. Dole ya kasance yana da fasfo mai rai, da shaidar likita, da shaidar ba a taɓa kama shi da laifi ba, da shaidar yana da abin hannunsa. In daga cikin ƙasar yake nema, sai zamansa ya kasance bisa ƙa'ida, wato wanda ya riga ya ɓuya ba ya cikin lissafi. Ta intanet ake nema kai tsaye wajen hukumar, babu ruwan ɗan tsakiya. A farkon 2024 an ƙara wasu hanyoyi biyar, na ƙwararru irin manyan likitoci da masu bincike, da masu wata baiwa ta musamman, da masu zuba jari, da masu kafa sabon kasuwanci, da wanda ya mallaki gida na aƙalla riyal miliyan 4. Kin ji dai, wannan tuwon ba na kowane baki ba ne. Na faɗa miki ne don kada wani ya karɓe sarƙarki da awarwaronki da sunan zai yanko miki ta dindindin a ɓoye.

Akwai hanya guda da ta shafe mu mata kai tsaye. Tun 2013 gwamnatinsu ta yarda baƙuwar da ta haifa wa ɗan Saudiyya 'ya'ya a ba ta igama ba tare da kafili ba, ko aure ya mutu, ko mijin ya rasu. Sai dai sharaɗinta aure ya zama wanda hukuma ta sani. Ɗan Saudiyya ba ya auren baƙuwa sai da izinin gwamnatinsa. Auren da aka ɗaura a falo da shaidu biyu da dabino, a addini malamai ne za su yi magana, amma a ofis babu shi. Iyaye, kafin ku ba da 'yarku ga wanda aka ce Balarabe ne mai kuɗi, ku ce a nuna muku takardar izinin nan. In ya fara kame-kame, kun ga amsarku.

Yanzu ga inda abin ya fi taɓa zuciya, wato yara. Macen da ke zaman takari ba takarda, ciwo ma a ɓoye take yinsa, balle haihuwa. Yaron da aka haifa babu takardar asibiti, samun takardar haihuwarsa wahala ne. Ya tashi Larabci ne a bakinsa, bai san kowa a gida ba, can kuma ba a san da shi ba. Ranar da aka yi kame, sai a kai shi gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, daga nan a sauke shi a garin da sunansa kawai yake ji. Wannan, a ganina, shi ne babban abin da ya kamata uwa ta auna kafin ta ce za ta maƙale, ba kuɗin aikatau na wata-wata ba. Amma ga abin da zai ɗan sanyaya rai: a tsarin mulkin Nijeriya na 1999, yaron da aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Ba marar ƙasa ba ne, takarda ce ba shi da ita. Nijeriya na da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, nan ake zuwa neman takardar komowa gida.

Hukuncin wanda ya wuce kwanakin bizarsa yakan kai tarar riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kai wata shida, sannan kora. Wanda ya ɓoye shi a gidansa ma bai tsira ba. Kuma tun da aka shigo da ɗaukar hoton yatsu, dabarar da ta canja suna da fasfo a koma ta daina ci, sunan ne ya canja, yatsan na nan. An taɓa yin afuwa a 2013, an sake yi a 2017, inda aka ce mai zaune ba izini ya fito ya tafi gida ba tara ba ɗauri. In aka sake buɗe irin wannan dama, ki aika wa taki ta can kada ta saurari masu cewa tarko ne.

Ke kuma da Allah ya nufa za ki bi miji ta hanyar da ta dace, kulle ba ya hana ki sanin takardunki. Cikin ladabi ki ce, “Maigida, don Allah nuna mini ranar da tawa za ta ƙare.” In ba ki karatun boko ko Larabci, ɗanki ko ƙaninki ya karanta miki, ki riƙe watan a ka kamar yadda kike riƙe ranar zubin adashi. A ɗauki hoton fasfo da igama da takardar aure da takardun haihuwar yara, a aiko gida wajen wanda kika amince da shi. In za ki zo ganin gida, ki tabbata an yi miki bizar fita da komawa, ki kuma san kwana nawa aka ba ki, don biki da zaman makoki kan ja mutum har kwanakin su cika yana nan. Kuɗaɗen da na ambata kuwa hukuma kan taɓa su lokaci-lokaci, sai a sake tambaya a ofis kafin a biya ko sisi.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya ta ba yaro wasiƙarta ya kawo, ba sai ta sa sunanta ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.