Hanyar Ayari ta Duwatsun Azbin

Duwatsun Azbin, waɗanda ke arewacin Agadas a Jamhuriyar Nijar, a da sun daɗe suna zama mashigar ayari, wato jerin raƙuman fatake da madugu ke jagoranta, tsakanin Kano da Gat har zuwa Tarabulus, domin kwazazzabansu na riƙe da rijiyoyi da ciyawar da rairayin Tenere ba su da su. Ta nan turkuɗin Kura da jemammun fatu suka bi zuwa arewa, haka kuma bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba, ta nan ne kuma Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa a 1850 kafin ya iso Kano a 1851.

Wanda ya taka wannan hanya da ƙafa a yau, tare da ɗan jagora Buzu da raƙumin kaya, zai ga lambunan Timiya masu lemu da rumman, sannan ya isa kufan Asode, tsohon birnin da ya mutu bayan ciniki ya kauce masa, inda bangayen gidaje da na masallaci ke ta rushewa babu mai tallafa musu. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin kayan gadon duniya a 1991, amma tawaye da rashin tsaro sun kori baƙi, suka bar jagorori babu sana'a.

Wajibi ne jami'o'in Kano da Damagaram da Agadas su rubuta zangunan hanyar da sunayen rijiyoyinta daga bakin dattawan da suka bi ta, tun suna raye.