Ruwan Garke da Noman Gansakuka: Lacca a Shika



Tun 1928 ake kiwo da bincike a nan Shika, kafin gonar ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, a 1976, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Nan aka samar da kazar Shika Brown. Amma yau a kan ruwan wankin garke da ɗakin kaji zan yi magana, baƙin ruwan nan mai kauri da zarni, wanda da damina ta sauka sai ya bi kwata ya faɗa rafi.

Naitirojin da fosfaros ɗin da ke cikinsa su ne abincin ƙananan gansakuka irin su kulorela da sifirulina. Matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna kwasar sifirulina daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe. In ta bushe, fiye da rabin nauyinta furotin ne. Mai kajin da tsadar waken soya ta ishe shi ya san darajar wannan.

Sai dai in aka zuba irin gansakukar a ɗanyen ruwan garke, asara za a yi. Duhun ruwan yana tare hasken rana, amoniya tana ƙone gansakukar, ƙwayoyin bakteriya kuma su rinjaye ta. Saboda haka gyaran ruwan shi ne kashin bayan aikin.

Da farko a tace da raga, a bar ruwan ya kwanta, a kwashe laka a kai gona. Sannan a zuba shi a rufaffen rami ya ruɓe ba iska. Nan za a sami gas ɗin girki. Abin da ya fito har yanzu da duhunsa, don haka sai a daka ƙwayar zogale, a dama, a zuba. Za ku ga dattin yana dunƙulewa yana nutsewa, sama tana washewa. A bi da shi ta yashi da gawayi, a sirka da ruwa mai kyau har amoniyar ta sauka. Daga nan sai tafkin noman gansakukar, marar zurfi, kamar santimita 30, ana motsa shi da farfela, irin wanda William Oswald ya ƙirƙiro a Kalifoniya.

Gargaɗi ɗaya: jan ƙarfe da zinki na abincin dabbobi, da ragowar magunguna, suna iya taruwa a jikin gansakukar. Kada a ba kaza ko kifi sai an auna a ɗakin gwaji.

Ɗalibanmu na Samaru, ga aiki nan: ku auna mana yawan sirkin da ruwan shanu da na kaji ke buƙata, da rani da damina, don manomin Sabon Gari ya sami ma'aunin da zai bi.