Tatsuniya tana da ƙofa, jita-jita ba ta da ita

Jawabin da malamar lakwal ta garinmu ta yi a taron ƙungiya na bayan kaka

Mai gari, ranka ya daɗe. Malam liman, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiya da 'yan buro, dattawa, iyayena mata da ke zamne can gindin dogon yaro, da ku 'yan'uwa da kuka taso daga Legas, Kwatano, Abijan da Aljeriya, barkanmu da ganin wagga kaka lafiya.

Ni ɗiyarku ce, gabanku na yi rarrafe. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganin shi. An ce in yi magana a kan rufin aji da teburan yara, amma na roƙi buro ya bar ni in taɓo wani abu da ya fi rufi yi mini nauyi. In na yi kuskure ku gyara mini.

Kowa nan ya san abin da ya faru cikin damina, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Wani yaro ɗan ajina ya kwanta da masassara. Dare na biyu jikinshi ya yi zafi ƙwarai, ya fara fisge-fisge da sambatu, cikin sambatun ya ambaci wata tsohuwa mai ƙosai da yake wucewa ta gabanta kullum in za shi lakwal. Kafin asuba an taru ƙofar ɗakinta. Aka jawo ta, aka sa ta tsallake yaro, aka sa ta kurkure baki aka ba shi ruwan. Kuɗin da wanshi ya aiko daga ci-rani wurin boka suka tafi. Sai rana ta uku aka ɗaura jaki aka nufi likita, yaro ya cika a hanya. Allah ya jiƙanshi, ya ba iyayenshi haƙuri. Tun ranar ba mai sayen ƙosan tsohuwar, kuma jikarta, wadda ta fi kowa lissafi a ajina, ta bar zuwa, don yara suna gudun zama kusa da ita. Ke nan na rasa yara biyu cikin wata ɗaya.

Wanga abu ya sa na koma ina tunanin labaran tsoro da muka tashi da su, ina duban inda aka ajiye mace a cikinsu.

Mu fara da tatsuniya, don ita ce lakwal ɗinmu ta farko, kuma malamanta mata ne. Kakata in ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, to ƙofa ta buɗe. Dodo ya shigo, kura ta yi magana, Gizo ya cinye abincin gida Ƙoƙi tana haƙuri da shi. In ta gama sai ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi mana ƙarya. Ƙofa ta rufe ke nan, kowa ya san wasa aka yi, mu kwanta. Ba a taɓa tashi da safe an tafi da sanda neman Dodo gidan maƙwabci ba.

To, yaya tsohuwa take cikin tatsuniya? Ku tuna da ta ɗiyar bora da aka aika Ruwan Bagaja. Yadda kakata ke ba da ita, yarinyar ta iske wata tsohuwa bakin ruwa ita kaɗai, ta ce a cuɗa mata baya. Ɗiyar bora ta cuɗa da ladabi, ta koma gida da dukiya. Ɗiyar mowa ta zo ta yi mata tsaki, ta koma da masifa. Iyayenmu mata da suka riƙe wagga tatsuniya sun san abin da suke koya mana: tsohuwar da ba ta da kowa jarrabawa ce, arzikinka yana ga yadda ka riƙe ta. Mu da aka ba wanga darasi tun muna tsirara, ɗiyar wa muka zama cikin damina?

Akwai kuma tatsuniyar yarinyar da ta ƙi samarin gari duka, ta ce sai wanda ba shi da tabo, ta bi baƙo, ashe Dodo ne ya ari jikin mutane. Kullum ana ba da ita don a ce wa yarinya kada ta yi zaɓe. Amma ku sake saurarenta. Ba wanda ya tambayi baƙon daga ina ya fito, an ga kyau da kaya aka ɗaura aure. Darasin rabi na yarinya ne, rabi na waɗanda suka karɓi sadaki. Rabin na biyu ne ba mu cika faɗi ba.

Jita-jita kuwa ba ta da ga ta nan, ba ta da ƙurunƙus. Tana shigowa da rigar gaskiya, mai ba da ita ya ce wallahi wani ya gani da idonshi. Kuma ku duba wanda take faɗa ma. Cewa ake maye namiji ne ko mace, amma ku ƙirga da kanku waɗanda aka taɓa tarar ma a ƙofar ɗaki a garin nan da garuruwan kewaye. Nawa ne cikinsu masu shanu? Nawa ne masu ɗiya maza biyar a gida? Galibi gwauruwa ce, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda aka auro daga nesa danginta ba su kusa. Sannan an ce maita a nono ake shan ta, don haka tabon yana bin ɗiya mace da jika, har ya hana su aure. Zargin da ke tsallake mai ƙarfi ya sauka a kan marar gata, ya kamata mu tuhume shi.

Ba mu kaɗai muka yi wanga ciwo ba. A ekol normal mun karanta tarihin Turawa. Tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutane da sunan maita a ƙasashen Turai, masana tarihi sun ƙiyasta 40,000 zuwa 60,000, kuma wajen kashi uku cikin huɗu mata ne. A 1431 aka ƙone Jeanne d'Arc a birnin Ruwan na Faransa, yarinya mai shekara kamar 19 da ta ja sojoji yaƙi, bayan an tuhume ta da saɓa wa addini da hulɗa da shaiɗanu. A 1456 wata kotu ta wanke ta, amma toka ba ta komawa mutum. Kusa da mu, a arewacin Gana, har akwai ƙauyuka irin su Gambaga inda matan da aka kora da sunan maita suke fakewa, kuma a 2020 an doke wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu a garin Kafaba, mutane na tsaye suna kallo.

Mu ma muna da tamu. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni daga baya, ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Sarakuna da yawa sun buɗe ƙofa don tsoro, Sarauniya ta Lugu ta tsaya da mutanenta suka yi yaƙi. Sunan da Turawan suka ba ta shi ne matsafiya. Sai da Abdullahi Mamani ya rubuta littafinta a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinta a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta ta Wagadugu a 1987, sannan yaran lakwal suka san ta da sunan jaruma. Ku tuna kuma fadar Maraɗi tana da Iya, fadar Gobir a Tsibiri tana da Inna, manyan mata masu faɗa a ji. Kakanninmu sun san mace mai ƙarfi, sun ba ta kujera. Mu ne in mace ta fita daban muke neman sunan da za mu liƙa mata.

Yanzu in juya gare ku 'yan ci-rani, don ku ne kuka fi mu kallon fim. Wanda ya ga Nagin, fim ɗin Indiya na 1976, ya san macijiya ce ta rikiɗa mace tana bin mazan da suka kashe mata abokin zama ɗaya bayan ɗaya. Finafinan tsoro na Legas da Kano da kuke kawo mana cikin salula su ma haka: fatalwa mace ce da farin zane, aljana kyakkyawa ce a bakin hanya, mayya kuwa uwar miji ce ko kishiya. Ina roƙonku in kun sake kallo ku yi tambaya ɗaya: me aka yi wa wagga mace kafin ta zama abin tsoro? Sau da yawa za ku iske an cuce ta ne tana da rai, ba wanda ya bi mata hakki. Mai fim ya san haka, shi ya sa labarin ke kama zuciya. Amma yaron da ya kalla da dare ba ya riƙe wanga ɓangare. Abin da ya rage mishi shi ne fuskar tsohuwa da jan ido, da safe kuma ya gamu da mai ƙosai.

Ga wani misali da ya shafi dukanmu. Ciwon da ke shanye ƙafar yaro, sunan da muka ba shi shan-inna, wato ko a suna mun ɗora shi a kan iska mace. Alhali ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazantar bayan gida ta shiga ruwa da abinci. A 2003 magana ta bazu a Kano cewa an sa maganin hana mata haihuwa cikin ɗigon rigakafin, aka tsai da shi har zuwa Yuli 2004. Ruwa ba ya tsami banza: a 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara 200 a Kano, 11 suka mutu, mutane kuma ba su manta ba. Tsoron yana da tushe, amma maganar ɗigon ba gaskiya ba ce, kuma cutar ta tsallako iyaka ta shigo mana, ta kai ƙasashe da dama. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka. A kan cikin mata aka yi gardamar, a majalisar maza aka yanke ta, sannan uwa ce ta goya yaron da ƙafarshi ta shanye har ya girma.

Mu koma ga yaronmu. Na tambayi majo na likita, ya ce mini masassarar sauro in ta hau kai tana sa fisge-fisge da sambatu, yaro ya kira duk sunan da ya zo bakinshi, kuma awoyi kaɗan ke raba rai da mutuwa. Daga Agusta zuwa Oktoba ta fi kisa, daidai lokacin da zargin maita ke yawa a ƙauyukanmu. Tun 1897 aka gano sauro ke ɗaukar ta. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafinta wata-wata cikin damina ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5 a ƙasarmu. Ban zo in yi gardama da kowa a kan abin da ke ɓoye ba, wanga fagen malamai ne. Amma malam liman yana nan, zai shaida cewa Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin mu cuci mutane cikin rashin sani, ta kuma hane mu da yawan zato. Kwana biyu da muka ɓata a ƙofar ɗakin tsohuwa, a hanyar likita ya kamata mu ɓata su.

Don haka ina kawo wa ƙungiya roƙo biyar, a duba su kafin a watse.

Na ɗaya, a ware wani abu cikin kes don kai yaro likita. Duk yaron da ya kwana da zafin jiki, a ɗauki kabu-kabu ranar, ƙungiya ta biya, a yi lissafi daga baya.

Na biyu, kada a sake taruwa ƙofar ɗakin kowa da sunan maita. Mai ƙorafi ya tafi wurin mai gari da liman, kuma a sa dattawa mata biyu cikin masu sauraro.

Na uku, ku da ke waje, in an kira ku an ce yaro ba lafiya, tambayarku ta farko ta zama ko an kai shi likita. In murya ta shigo muku a WhatsApp tana kiran sunan wani, ku tambayi wa ya gani, yaushe, a ina. In ba amsa, ta mutu cikin salularku. Magana zarar bunu ce.

Na huɗu, ranar Laraba da marece ina gayyatar iyayenmu tsofaffi su zo lakwal su ba yara tatsuniya, manyan 'yan aji su rubuta cikin kaye, mu ajiye. Wadda nake so ta buɗe mana ita ce wadda kuka sani, in ta yarda ta yafe mana.

Na biyar ba ya bukatar kes. Gobe da safe zan tafi in sayi ƙosai na dala ashirin, in kamo hannun jikarta mu tafi aji. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, ina fatan in iske wasu cikinku a can sun riga ni.

Kowace mace da ke zamne nan, in Allah ya ja kwana, tsohuwa za ta zama, kuma ba wadda ta san ko ɗiyanta za su kasance kusa a ranar. Ku ma da ke ci-rani kun bar uwaye a gida, mu ne muke kallon su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya raya mana zuri'a, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya.