Makarantar da Ba Ta Rufuwa

Ya ku iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, da iyayenmu mata da suka baro aikin gida suka halarci wannan majalisi daga ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci.

An umurce ni da in yi bayani a kan zaman lafiyar iyali da karatun ƙananan yara a gida, kuma ba zan iya shiga wannan batu ba sai na tuna mana abin da babu wanda ya manta da shi a cikinmu. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu; ba a daɗe da buɗe su ba sai ga daren Juma'a, 11 ga Disamba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, har sai ranar 17 ga watan aka sako yara 344, gwamnati kuwa ta rufe makarantun kwana. A Satumba na 2021 aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi uku da maƙwabtansu, alhali mutanen ƙauyuka da yawa sun riga sun bar gonakinsu sun fake a gidajen dangi. To, yaron da yake da shekara uku ko huɗu a wancan lokaci, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a rajistar kowace makaranta ba, a ina ya koyi abin da ya sani yau? A tsakar gida ya koya, a gindin murhu da bayan uwarsa, domin ita ce makaranta guda da annoba ba ta rufe ba, ɓarayin daji kuma ba su rufe ba.

Magabatanmu sun fahimci wannan tun da daɗewa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, ya yi kakkausar suka a cikin Nurul Albab ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata malamai da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru. Ko Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda ɗan Katsina, Malam Ahmadu Kumasi, ya ja ragamarsa, da manya ya fara, saboda an san gidan da babba ya iya karatu da wuya yaro ya tashi bai iya ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah ce da ta gudo daga wani ƙauye na ƙasar Faskari, ta sami ɗaki guda a gidan yayarta. Na tarar da ita da la'asar tana ɓare gyaɗa a kan tabarma, ɗanta ɗan shekara huɗu yana gabanta yana tara ƙwayoyin kashi-kashi, biyar-biyar, in ya yi kuskure ta ce, "A'a, Baba na, sake ƙirgawa, wannan kashin ya fi ɗan'uwansa." Da ya gama sai ta tambaye shi wane kashi za a kai wa Inna, wane za a bar wa Yaya. Da na ce mata ai karatu take koya masa, sai ta rufe fuska da gyale ta ce, "Malam, ni da ban taɓa shiga aji ba?" Haƙiƙa a cikin wannan ɗan zama yaron ya koyi ƙidaya da rabo da adalci da sunayen danginsa, ba a sayi alli ko littafi ba, abin da ya rage kawai shi ne wani ya gaya wa uwar cewa abin da take yi ilmi ne, don ta riƙa yinsa da niyya.

Masana lafiya sun tabbatar da cewa kwana dubu na farko, watau daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa a cikinsu, kuma magana tana daga cikin abin da ke gina ta. Saboda haka jaririn da ake goyo ana yi masa hira, ana kiran sunan tulu da akuya da wata, ba wasan banza ake yi da shi ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kakanninmu ke yi bayan sallar isha'i tana koya wa yaro sauraro da riƙe farkon zance har ƙarshensa, kacici-kacici kuwa yana wasa basira. Yaron da ya saba da waɗannan, ranar da aka ɗora masa allo a cinya aka fara masa babbaƙu da farfaru, ko aka kai shi aji ɗaya, ba zai zama baƙo ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yawan "yi mini shiru" da muke jefa wa yaro duk lokacin da ya yi tambaya, har ya koyi cewa tambaya laifi ce.

Sai dai ciki da yunwa ba ya riƙe karatu. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, likitoci kuma sun ce a wata shida na farko nonon uwa kaɗai ya wadatar, ko ruwa ba a buƙata. Bayan haka a kyautata kunu da gyaɗa ko waken soya da zogale, waɗanda ƙasarmu ke nomawa mu kai kasuwa alhali 'ya'yanmu suna shan farin kunu. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina, a yi hanzarin ba da ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro, sa'an nan a garzaya asibiti.

Akwai kuma wata cuta da ba a gani a jiki, ita ce firgita. Muna zama gaban yara muna ba da labarin wanda aka sace da wanda aka kashe, muna kunna hotunan gawarwaki a waya, muna zaton ba su fahimta. Sa'an nan idan yaro ya koma fitsarin kwance ko ya daina magana sai mu ɗauki bulala. Wannan yaro natsuwa yake nema: a rungume shi, a yi masa addu'ar barci, a tsare masa lokacin ci da lokacin kwanciya ko da a gidan aro ake. A nan nake kira ga 'yan'uwana maza, domin kiwon iyali amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma ba ta ƙarewa da ajiye kuɗin cefane. Uwar da ake yi wa tsawa safe da yamma ba ta da zuciyar yin tatsuniya.

Ban faɗi wannan don in sauke wa hukuma nauyinta ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilmin shekara tara kyauta, tsare rayuka kuwa shi ne farkon haƙƙinmu a kanta, kuma za mu ci gaba da nema. Amma yaron da ke da shekara uku yau ba zai tsaya yana jira ba. Ina roƙon limamanmu su sanya wannan batu a huɗubar Juma'a, malaman Islamiyya su kai shi azuzuwan matan aure, kowane magidanci kuma, in ya koma gida yau, ya jinkirta fita majalisa bayan magariba, ya zauna a tabarma ya saurari abin da ƙaramin ɗansa zai gaya masa.