Gado Shaida Ne: Yadda Ake Bin Sawun Ciwon Jijiya A Cikin Jini

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Badarawa, Kaduna



Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma gano abin da ya tsamar da shi, a nan gizo ke saƙar. Yau za mu duba yadda masana ke amfani da ƙwayoyin gado wajen gano musabbabin wata cuta da likitoci ke kira maltiful siklarosis, wadda wani likitan Faransa, Charcot, ya bayyana a 1868.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar, sai saƙo ya riƙa yankewa: ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya mutu, a samu sauƙi, can kuma abin ya dawo. Ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, watau tsararrakinmu, kuma mata sun ninka maza. A 2020 an ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 2.8 a duniya.

An daɗe da lura cewa ta fi yawa a ƙasashen sanyi masu ƙarancin rana, irin su Kanada da Suwidin, kuma masu ita suna da ƙarancin bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. To, shin ƙarancin ne ya kawo cutar, ko kuwa cutar ce ta zaunar da mutum a ɗaka har ya rasa rana? Ko dai faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

A nan gado ke ba da shaida, kuma mu a ƙasar nan mun san wannan darasi ta hanyar sikila. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki tamkar ƙuri'a ne, ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Arziki ko talauci, zaman Badarawa ko na Malali, babu mai taɓa ƙuri'ar nan. Haka ma wasu mutane ke gadar ƙwayoyin da ke sa bitamin D ɗinsu ya kasance ƙasa tun daga haihuwa. Tun da an jefa ƙuri'ar kafin cuta ta zo, ba za a ce cutar ce ta jawo ƙarancin ba. Wannan dabara ana jingina ta ga sunan Mendel, wanda ya wallafa ƙa'idojin gado a 1866.

A 2015 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka gwada ta a kan marasa lafiya fiye da 14,000 da masu lafiya fiye da 24,000, suka tarar waɗanda suka gaji ƙarancin bitamin D sun fi kamuwa. A 2016 suka sami irin wannan sakamako game da ƙiba. A 2019 kuwa wani babban bincike ya lissafa wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado masu ƙara haɗarin cutar. Kowanne ɗan kaɗan yake ƙarawa, don haka ba a gadonta kai tsaye kamar sikila. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, galibi ɗayan yana tsira. Kada wani ya fasa aure saboda ita.

Wani abin mamaki ya fito a 2024, sa'ad da aka binciki ƙasusuwan mutanen dā. Aka gano cewa makiyayan da suka shiga Turai daga gabas, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, su ne suka yaɗa da yawa daga ƙwayoyin nan, kuma masana na ganin sun kare su ne daga cututtukan dabbobinsu. Wannan ya tuna mana da abin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, cewa AS tana kare mai ita daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Garkuwar kaka takan zama nauyin jika.

'Yan'uwa, ga inda abin ya shafe mu. Kusan dukan jinin da aka yi waɗannan bincike da shi na Turawa ne. An daɗe ana cewa cutar ba ta cika kama baƙar fata ba, amma a 2013 wani bincike a Kalifoniya ya nuna baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa. Binciken da aka yi a kan sojojin Amurka a 2006 kuma ya ga dangantakar bitamin D da cutar a jikin farare, bai gan ta a jikin baƙaƙe ba. Ashe rigar da aka ɗinka wa wani ba lalle ta yi mana daidai ba.

A gida kuwa, tabbatar da cutar yana bukatar hoton ƙwaƙwalwa mai tsada da likitan jijiya, waɗanda ba su da yawa. Yarinyar da ƙafarta ta mutu wata guda sa'an nan ta warware, sau da yawa sai a ce iska ce ko sammu. Wanda ba a ƙidaya ba, yaya za a ce babu shi?

Saboda haka muna kira guda uku. Mu ɗalibai, mu rungumi ilmin ƙwayoyin gado da na lissafi, domin shirin H3Africa da aka kafa a 2010 ya nuna 'yan Afirka za su iya binciken jininsu da kansu. Ku ma'aikata, ku riƙe rajistar asibiti da amana, domin ita ce tushen kowane bincike. Mu duka kuma, in mun ga alamun nan a jikin wani namu, mu kai shi asibiti da wuri, gama akwai magungunan da ke rage dawowar ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani.