Kuɗin Fito: Harshe da Kasuwa a Tarihin Waƙar Shakira



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wata mawaƙiya 'yar ƙasar Kolombiya, watau Shakira, a ga yadda ta fita daga kasuwar masu jin Sifaniyanci ta shiga babbar kasuwar waƙa ta Amurka, da abin da aka karɓa a hannunta kafin a bar ta ta wuce. 'Yan kasuwar faifai na Amurka suna kiran irin wannan tafiya ƙetarewa. Kalmar tana bukatar a tsaya a kanta, domin wanda ya ji ta zai zaci daga duhu mawaƙi yake fitowa zuwa haske, alhali kuwa sau da yawa mai ƙetarewar ya riga ya cika filayen wasa a ƙasashe goma ko fiye.

Iyakar da ake ƙetarewa ɗin 'yan kasuwa ne suka shata ta. Tun da daɗewa mujallar Billboard, wadda ke fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe kowane mako, ta kasa masu saurare kashi-kashi. Akwai babban jeri na kowa da kowa, sa'an nan akwai ƙananan jeri: na baƙaƙen fata, wanda har zuwa 1949 da sunan launin fata ake kiransa, da na mutanen karkara, daga baya kuma aka ƙara na 'yan Latin Amurka. Gidajen rediyo da kantunan faifai su ma haka suka rarrabu. To, hawa babban jeri ya dogara ne ƙwarai ga yawan sa waƙa a manyan gidajen rediyo, su kuwa ba safai suke sa abin da ba Turanci ba. Saboda haka harshe ya zama kuɗin fito.

An biya shi ta hanyoyi dabam-dabam. A 1958 wani saurayi ɗan asalin Meziko mai suna Richard Valenzuela sai da aka gutsure sunansa ya koma Ritchie Valens kafin a kai shi rediyo. Gloria Estefan, wadda aka haifa a Habana aka rene ta a Miami, ta shiga babban jeri a 1985 da kalmomin Turanci bisa gangunan Kyuba. Labarin Selena ya fi ban mamaki. A Texas aka haife ta, Turanci ne harshenta na fari, mahaifinta ne ya riƙa koya mata furta waƙoƙin Sifaniyanci. Amma da yake da su ta yi suna, sai aka ce tana shirin ƙetarewa sa'ad da ta fara naɗar faifai cikin harshen da ta tashi da shi. An kashe ta a watan Maris 1995, faifan ya fito bayan rasuwarta, ya kuma shiga jeri a matsayi na ɗaya. A 1999 aka yi ta yayata cewa guguwar 'yan Latin ta taso, bayan Ricky Martin ya girgiza zauren bikin Grammy. Sai dai in aka duba taurarin wannan shekara, shi Martin ɗan Puerto Rico ne, yankin da ke ƙarƙashin Amurka, Jennifer Lopez da Marc Anthony kuwa haifaffun New York ne. Ƙidayar 2000 ta nuna cewa 'yan asalin Latin Amurka a ƙasar sun haura miliyan 35, watau mutum ɗaya cikin takwas. Kamfanoni sun ga kasuwa ne.

Shakira ta sha bamban da waɗannan duka, domin ita baƙuwa ce ta ainihi. An haife ta ran 2 ga Fabrairu 1977 a Barranquilla, gari mai tashar jiragen ruwa a gaɓar tekun Karebiyan. Mahaifinta ɗan asalin Labanan ne, daga cikin irin ƙaurar nan da ta watsa Kwarori a duniya, wadda ta kai wasunsu Kano ta kai wasu Amurka ta Kudu. A can Turkawa ake ce musu, saboda na farkonsu da takardun daular Usmaniyya suka sauka. Sunanta ma Balarabe ne, mai godiya ke nan, daga tushen da ya ba Hausa kalmar shukura. Ta sha ba da labarin yadda aka hana ta shiga ƙungiyar mawaƙan makarantarsu, aka kwatanta rawar muryarta da kukan akuya. Kamfanin Sony ya ɗauke ta tana 'yar shekara 13. Faifanta na farko, na 1991, da na biyu, na 1993, ba su sayu ba. Na uku, Pies Descalzos, watau ƙafafu ba takalmi, shi ya buɗe mata Latin Amurka daga 1995. Na huɗu, na 1998, wanda Emilio Estefan mijin Gloria ya shugabanci aikinsa a Miami, ya tabbatar da ita. Sunansa tambaya ce, wai ina ɓarayin suke, kuma ya samo asali ne daga satar jakarta da aka yi a filin jirgin saman Bogota, da rubutattun waƙoƙinta a ciki. Amma duk ɗan Kolombiya ya san ba ɓarayin jaka kaɗai take cigiya ba.

Wajibi ne a fahimci ko wace irin mawaƙiya ce a wannan lokaci, in ba haka ba ba za a gane hasarar da magoya bayanta suka yi kuka da ita daga baya ba. Yarinya ce mai baƙin gashi da jita a rataye, mai rubuta baitocinta da kanta. Takan cusa kalmomi da yawa cikin ɗango guda, ta jero su da sauri kamar mai lissafin kaya, ta gauraya zancen soyayya da sukar al'adar masu hali da ta 'yan siyasa. Daga cikin waƙoƙinta har da wadda ta taɓo zubar da ciki, a ƙasar da cocin Katolika ke da ƙarfi. Gabriel García Márquez, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1982, wanda kuma ya yi aikin jarida a Barranquilla yana saurayi, ya rubuta maƙala a kanta a 1999. Abin da take taƙama da shi ke nan, kalma, ita ce kuma aka ce ta ajiye a bakin kogi.

Da farko shawarar da aka yanke ita ce a fassara faifan 1998 zuwa Turanci, Gloria Estefan ta taimaka. Shakira ta soma, sa'an nan ta janye, ta ce gara ta rubuta sababbi. Duk wanda ya taɓa gwada fassara waƙa zai ga dalilinta. Sifaniyanci wasula biyar gare shi, yawancin kalmominsa kuma da wasali suke ƙarewa ko da baƙi mai taushi, kamar dai yadda kalmar Hausa ke ƙarewa da wasali. Gaɓoɓinsa kusan tsawonsu ɗaya, marubutansa ƙirga gaɓa suke yi, kuma al'adarsu ta yarda a yi amsa-amo da wasula kaɗai ko da baƙaƙen sun saɓa. Mawaƙi yana iya jan ƙarshen kalma yadda ya so, yana kuma iya zuba gaɓoɓi ashirin a numfashi guda ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Turanci ba haka yake ba. Wasulansa sun haura goma, kalmominsa gajeru ne, da yawa gaɓa ɗaya, suna kuma rufewa da cunkoson baƙaƙe. Karinsa ya rataya ne ga inda nauyin murya ya faɗa, in aka ɗora nauyin a gaɓar da ba tata ba sai kunnen mai harshen ya ji ɓaraka nan take. Ma'anar da ta cika ɗango a Sifaniyanci takan ƙare a rabin ɗango a Turanci, sai mai fassara ya shiga cike gurbi da kalmomin da ba su da aiki.

Saboda haka ta zauna ta koyi harshen a matsayin marubuciya. Ta nemi ƙamus na amsa-amo, ta karanta Walt Whitman da Leonard Cohen don ta ji yadda ɗangon Turanci ke tafiya. Faifan da ya fito a watan Nuwamba 2001, Laundry Service, waƙoƙi 13 ne, 9 da Turanci, 4 da Sifaniyanci. Ya shiga jerin faifai a matsayi na uku, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 13 a duniya. Waƙar da ta ja shi ta fito cikin harsunan biyu, da sarewar mutanen tsaunukan Andes da ƙaramar molonsu a buɗinta, ta kai matsayi na shida a Amurka, ta ɗaya kuma a ƙasashen Turai da dama.

Ta fuskar ciniki an ci riba. Ta fuskar adabi kuwa, gaskiya ita ce baitocin Turancin ba su kai na Sifaniyancin ba. Siffantawar da ke da armashi a harshenta, da ta shiga Turanci sai ta zama baƙuwa, har wasu masu sharhi suka mai da wasu ɗangayen abin dariya. Sukar zaman jama'a ta ja baya, soyayya ta mamaye faifan. Sa'an nan ga batun kama. Gashin nan baƙi ya koma fari-fari irin na Turawa, rawar ƙugu ta Larabawa, wadda a da kashi ɗaya ce cikin wasanta, ta zama ita ce tambarinta. Da yawa a Latin Amurka suka ce ta sayar da kanta. Wannan hukunci ya yi tsauri, domin ba ta miƙa alƙalaminta ga kowa ba, abin da ba kowane mai ƙetarewa ya iya ba. Amma masu ƙorafin ba su yi ƙarya ba da suka ce babbar kasuwa ta fi son ganinta da jin abin da take faɗa.

Abin da ta yi da matsayin da ta samu shi ya fi cancantar nazari. A 2005 ta fitar da faifai biyu. Na Sifaniyanci ta fara saki, a watan Yuni, ya shiga babban jeri a matsayi na huɗu da kwafi 157,000 a makon farko, adadin da wani faifan Sifaniyanci bai taɓa kaiwa ba kafin nan. Waƙarta da Alejandro Sanz ɗan Sifen ta yi mako 25 a saman jerin 'yan Latin, ta kuma rera ta da Sifaniyanci a bikin MTV na wannan shekara. Na Turancin, wanda ya biyo baya a watan Nuwamba, shi ne ya yi sanyi, har sai da aka sake fitar da shi a 2006 da ƙarin waƙar da ta yi da Wyclef Jean ɗan Haiti. Wannan waƙa, Hips Don't Lie, ita ta kai ta matsayi na ɗaya a Amurka. Busar da ke buɗe ta kuwa daga wata waƙar salsa ta Jerry Rivera ta 1992 aka ɗebo ta.

Batun ɗebowa ya sake tasowa a 2010, ta inda ya shafi nahiyar nan. An ba ta waƙar gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, ta yi ta tare da ƙungiyar Freshlyground ta ƙasar. Amshin waƙar, wanda duniya ta haddace, na Golden Sounds ne, wata ƙungiyar makaɗa daga rundunar tsaron shugaban Kamaru, waɗanda suka naɗe shi a 1986 da sunan Zangalewa. Yadda ya isa kunnenta ba abin mamaki ba ne. Shekaru da yawa faya-fayen Afirka suna sauka a tasoshin Barranquilla da Cartagena, ana sa su a manyan lasifikokin unguwannin talakawa, wannan waƙa kuwa ta yi tashe a can. Sai da aka yi surutu kafin aka daidaita da masu ita, wasu 'yan Afirka ta Kudu kuma suka nuna ɓacin rai da ba a ba ɗan nahiyar wannan aiki ba. A nan ita ce ke tsaye a gefen masu ƙarfi, makaɗan Yawunde ne a ɗaya gaɓar.

Abin da ya rushe tsohon tsarin kuwa canjin ƙirga ne. A 2012 Billboard ta faɗaɗa lissafa sauraren waƙa ta intanet, a 2013 ta ƙara da kallon YouTube. Daga nan mai zaɓen waƙa a gidan rediyo ya rasa rinjayensa, miliyoyin masu jin Sifaniyanci da ke cikin Amurka suka fara bayyana a babban jeri. A 2017 Despacito ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya, a 2020 kuma faifan Bad Bunny ya zama na farko mai waƙoƙin Sifaniyanci zalla da ya hau saman jerin faifai. A watan Fabrairun wannan shekara ta 2020 Shakira da Jennifer Lopez suka yi wasan hutun rabin lokaci na babbar gasar ƙwallon Amurka a Miami, cikin harsunan biyu.

A watan Janairu 2023, bayan rabuwarta da tsohon ɗan ƙwallon Barcelona Gerard Piqué, ta fitar da waƙa tare da Bizarrap, wani matashin mai tsara kiɗa ɗan Ajantina. Manazarcin waƙar baka ba zai sha wahalar gane nau'inta ba, zambo ne da habaici. Ta ɗauki sunayen waɗanda take yi dominsu ta ɓoye su cikin kalmomin Sifaniyanci na yau da kullum, ta yadda in ta ɗan dakata a tsakiyar kalma sai sunan ya leƙo. Irin wannan wasa ba ya fassaruwa, ba ta kuma naɗi ta Turanci ba. Waƙar ta kai matsayi na tara a babban jerin Amurka, jaridun Turanci kuma suka shiga buga bayanin kalmominta ɗango bayan ɗango domin masu karatunsu.